SAWUN MASU LEƘA SHAFIN JAMI'A: ABIN DA YAKE NUNAWA DA ABIN DA YAKE ƁOYEWA

Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin mataimakan editan wannan shafi ya gabatar gaban taron iyayen yara, malaman sakandare da tsofaffin ɗalibai a Fadan Kaje, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna.



Maganar da aka ɗora mini in yi a yau, idan mutum ya ji ta daga nesa, sai ya zaci ta 'yan birni ce, watau yadda jami'a za ta yi amfani da bayanan masu ziyartar shafinta na intanet domin ta ƙara samun ɗalibai. Wani dattijo zai ce, ina ruwan mai noman citta da dawa da wannan? Ina roƙon iyayena su yi mini haƙuri na ɗan lokaci, domin kuwa ina fatan kafin in zauna za su ga cewa maganar ta shafi kowane gida da ke da yaro ko yarinya a aji shida na sakandare, daga Zonkwa har Madakiya, daga Kamuru har Samaru Kataf.

Neman ɗalibi ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa tamu. A zamanin iyayenmu, malamin mishan shi ne yake ɗaukar kekensa ya bi ƙauye ƙauye, ya zauna da maigida a ƙarƙashin inuwa, ya roƙe shi ya saki yaro ɗaya daga gona. Hedimasta kuwa ya san kowane yaro mai ƙwaƙwalwa a gundumarsa, ya san sunan mahaifinsa, ya san ko gidan zai iya biyan kuɗin makaranta ko sai an sayar da akuya. A wancan zamanin ne makarantar St. Mary's ta nan Fadan Kaje ta samu yaro daga Fadan Kagoma mai suna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya wuce St. John's a Kaduna, ya gama Jami'ar Ahmadu Bello a 1972, ya kuma zama Gwamnan Jihar Kaduna daga 2010 har rasuwarsa a watan Disamba na 2012.  Abin da ya sake a yau shi ne, yaron da kansa yake fara zuwa ƙofar jami'a, amma ta cikin wayar hannu, cikin dare, ba wanda ya gan shi, ya leƙa ya koma. Tambayar ita ce ko jami'ar ta san ya zo.

Kuma ƙofofin sun yi yawa yanzu, mun gode Allah. An kafa Jami'ar Jihar Kaduna a 2004, aka ba Kafanchan reshe inda ake karatun aikin gona da na tsara muhalli. Ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a Kafanchan. Sa'an nan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta mayar da tsohuwar Jami'ar Nok ta Kachia ta zama Jami'ar Tarayya ta kimiyya a aikace, aka naɗa ɗan wannan ƙaramar hukuma, Bishop Matthew Hassan Kukah, shugaban majalisar gudanarwarta. Abin da kakanninmu suka yi ta roƙo shekara da shekaru ya samu. To amma gini ba ya cika kansa da ɗalibai. Tun da aka kafa Hukumar JAMB a 1978, yaro ne yake rubuta sunan makarantar da yake so da hannunsa, kuma wadda ya sa a zaɓin farko ita ce take fara duba shi. Sabuwar jami'a, ko reshe da ke nesa da babban birni, tilas ta yi gogayya da sunan Zariya da na Jos, waɗanda kowane yaro ya ji tun yana firamare. Idan ba ta yi ba, sai guraben da muka yi fafutuka a kansu su cika da 'ya'yan wasu, ko su zauna babu kowa, mu kuwa muna gida muna ƙorafi.

Yanzu bari in faɗi mene ne wannan sawu. Duk lokacin da mutum ya buɗe shafin wata makaranta a wayarsa, wayar takan aika da saƙo zuwa babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ita kuwa takan rubuta abin da ya faru: lokacin da aka zo, shafin da aka buɗe, irin na'urar da aka zo da ita, ta ina aka biyo, watau ko ta binciken Google ne, ko ta Facebook, ko ta wani saƙo da aka tura. Galibi kuma akan liƙa wa wayar wani ɗan tambari da ake kira kukis, domin in ta dawo gobe a gane ita ce. Akwai manhajoji da suke tattara waɗannan rubuce-rubuce su mayar da su alƙaluma masu sauƙin karantawa. Wadda aka fi sani ita ce Google Analytics, wadda kamfanin Google ya fara bayarwa kyauta tun 2005. Akwai kuma Matomo, wadda makaranta za ta iya girkawa a kan kwamfutarta ta riƙe bayanan a hannunta. Saboda haka maganar kuɗi ba hujja ba ce. Kayan aikin yana nan. Abin da ake rasawa shi ne mutum ɗaya da za a ce aikinsa ke nan, ya duba kowane mako, ya rubuta rahoto, magatakarda ya karanta.

Maharbi idan ya ga sawu a bakin rafi, ya san dabbar da ta wuce, ya san ko gudu take yi ko kiwo, ya san inda ta juya. Haka ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai zai yi. Mu ɗauki misali, alƙaluman nawa ne na ƙaga domin a gane. A ce mutum 1,000 sun buɗe shafin farko na jami'a cikin mako guda, 600 suka wuce shafin darussa, 400 suka nemi shafin kuɗin makaranta, amma 30 kaɗai suka kai ga fom ɗin tantancewa. Ina sauran suka faɗi? A shafin kuɗi suka faɗi. Sai a je a duba shafin nan. Sau da yawa abin da za a tarar shi ne, ko dai babu adadin kuɗin ɗungurungum, ko an saka hoton wata tsohuwar takarda mai nauyi wadda ƙaramar waya ba ta iya buɗewa, ko kuwa kuɗin shekarar da ta wuce ne ba a gyara ba.

Wannan magana ta kuɗi ina so in daɗe a kanta, domin ita ce take yanke hukunci a gidajenmu. Kowa a nan ya tuna ƙarin kuɗin makaranta da aka yi a manyan makarantun jihar nan a 2021, da yadda ya firgita iyaye. A watan Agusta na 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi: na Jami'ar Jihar Kaduna daga Naira 150,000 zuwa 105,000, na Gidan Waya kuwa aka raba shi biyu. A 2024 kuma aka sa hannu a dokar ba ɗalibai rance, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu na shekarar. To amma labarin ƙari yakan yi gudu, labarin ragi yakan yi rarrafe. Uban da ya ji tsohon adadi a kasuwar Zonkwa ya riga ya cire rai, ya ce wa 'yarsa ta je ta koyi ɗinki. Idan alƙaluman shafi sun nuna cewa kalmar da aka fi nema ita ce kuɗin makaranta, da ɗakin kwana, da rance, to hankali ya ce a ɗauko waɗannan uku a sa su a fuskar shafi, da manyan baƙaƙe, da kwanan watan da aka gyara su. Hoton shugaban jami'a yana karɓar baƙi a ofis a mayar da shi baya. Ba a taɓa jin yaron da ya zaɓi makaranta saboda shi ba.

Irin na'urar da ake zuwa da ita ma darasi ce. Masu ƙera shafi sukan zauna a Abuja ko Legas, gaban babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi, su cika shafin da hotuna masu motsi, su ce ya yi kyau. Mafi yawan 'yan Nijeriya kuwa da wayar hannu suke shiga intanet, yaranmu kuma da ƙaramar waya mai arha, da datar Naira ɗari ko ɗari biyu, ga shi tun farkon 2025 Hukumar Sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗinsu har kashi 50 cikin ɗari. Shafin da yake cinye rabin datar yaro kafin ya buɗe, ya kore shi ke nan ba tare da an furta kalma ba. Alƙaluman za su nuna wannan a fili, domin sukan rubuta daƙiƙa nawa shafi ya ɗauka kafin ya buɗe, da mutum nawa suka gudu kafin ya gama.

Lokaci ma haka. Akwai ranakun da ziyara takan tashi kamar ambaliya: lokacin rajistar JAMB, ranar da sakamako ya fito, da lokacin da hukumar ta buɗe damar canza makaranta ko darasi. Wannan na ƙarshe shi ne kakar ƙananan jami'o'i, domin a lokacin ne yaron da ya sa Zariya a zaɓin farko, makinsa bai kai na likita ko lauya ba, yake neman mafita. Idan a makon nan shafin jami'ar kusa da gida ya gaya masa dalla-dalla darussan da ke da gurbi, da makin da ake nema, da yadda zai canza, ta same shi. Tun 2017 kuma duk wani gurbi na gaskiya ta tsarin CAPS na JAMB yake bi, kuma sai ɗalibi ya ɗora sakamakonsa na sakandare, ya shiga da kansa ya danna cewa ya karɓa. Malaman da ke zaune a nan sun san yara da aka ba gurbi suka rasa shi saboda ba wanda ya gaya musu su danna. Wannan asara ce da gajeren bayani ɗaya, da Turanci da Hausa, zai iya hanawa.

Na ce da Hausa, kuma da gangan na faɗa. Yaro ne yake duba shafi, amma uwa da uba ne suke biya, kuma Hausa ce harshen da Bajju da Atyap da Ham da Fulani da Hausawa suke haɗuwa a kansa a kasuwa. A gwada shafi guda na iyaye da Hausa, da ɗan saƙon murya na minti biyu da za a iya turawa ta WhatsApp, a sa masa alamar da za ta nuna mutum nawa suka biyo ta nan. Bayan wata uku alƙaluma su yi alƙalanci. Wannan shi ne kyawun abin: ba sai an yi gardama a ɗakin taro ba, a gwada a gani.

To jama'a, duk wannan amfani ne, kuma da a ce a Kaduna ko Abuja nake magana, da na tsaya a nan an tafa mini. Amma a Fadan Kaje nake, kuma akwai wani gefe na maganar da ya fi damuna.

Waɗannan alƙaluma ba su ƙirga mutane, na'urori suke ƙirgawa. A garuruwanmu yaro goma za su iya zuwa shagon intanet ɗaya a Kafanchan, mai shago ya cika musu fom a kwamfuta ɗaya; manhajar za ta rubuta maziyarci ɗaya. Yarinya za ta ari wayar yayanta, ko ta malaminta, ko ta fasto. Manhajar za ta ɗauka namiji ne mai shekara arba'in. Ɗan mai kuɗi a birni kuwa yana da waya da kwamfuta da ƙaramin allo, ya shiga da kowanne, a ƙirga shi mutum uku.

Mafi muni shi ne maganar wuri. Manhajar takan yi hasashen garin da mutum yake ne daga lambar adireshin intanet da kamfanin waya ya ba shi, kamfanonin kuwa sukan tattara zirga-zirgar abokan cinikinsu su fitar da ita ta 'yan manyan cibiyoyi a manyan birane. Saboda haka yaron da ke zaune a kan dutse a Unguwar Rimi yana neman sabis, a taswirar da magatakarda yake kallo zai iya fitowa a matsayin mutumin Legas ko Abuja. Jami'in da bai san wannan ba zai dubi taswira ya ga Abuja ta yi jajur da maziyarta, kudancin Kaduna kuwa fari fat, ya ce ai mutanen nan ba su da sha'awa, a kai allon talla da motar yekuwa Abuja. Kun ga an yi amfani da ilimi an kai ga wauta.

Sa'an nan akwai waɗanda ba su bar sawu ko ɗaya ba, domin ba su taɓa zuwa ba. Ƙauyen da babu sabis. Gidan da aka ƙona, iyalin suna zaman gudun hijira a wata makarantar firamare. A ƙarshen watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda 'yan bindiga, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. Duk wanda ya karanta alƙaluman watannin nan biyu zai ce yaran wuraren sun daina son karatu. A 2017 kuma manyan makarantunmu na Kafanchan da Gidan Waya sun shafe watanni a rufe saboda rashin tsaro, kuma irin wannan tabo yakan daɗe a zuciyar iyaye bayan an buɗe ƙofa. Babu manhajar da za ta rubuta cewa uwa ta hana 'yarta neman makaranta domin tsoron hanya.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a karanta taswirar a juye. Inda ta yi duhu da maziyarta, shafi ya wadatar, a gyara shi a bar shi ya yi aikinsa. Inda ta yi fari, nan ne za a tura mutum da ƙafarsa, kamar yadda malamin mishan ya yi da kekensa. Kuma kada a dogara ga shafi shi kaɗai. Jami'a tana da bayanan da suka fi shi gaskiya a cikin durowarta: jerin waɗanda suka zaɓe ta a JAMB, da ƙaramar hukumar kowannensu, da sakandaren da ya gama. A ajiye wannan jeri kusa da jerin makarantun sakandare na Zangon Kataf, Jama'a, Kaura, Jaba, Kachia, Sanga, Kauru da Kagarko. Makarantar da ta yaye yara a bana amma ko ɗaya bai nemi jami'ar da ke kusa da shi ba, a tambayi dalili. A fom ɗin tantancewa kuma a ƙara tambaya ɗaya tak: a ina ka fara jin labarinmu? Ina kyautata zaton amsar da yawa za ta zama rediyo, ko majami'a, ko masallaci, ko wani yaya da ya yi karatu a can, waɗanda duk ba su fitowa a alƙaluman Google.

Ga wani ɗan tsokaci a gefe. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ta durƙusar da manoma masu yawa. Muna da tsangayar aikin gona a Kafanchan, muna da sabuwar jami'ar kimiyya a tsakiyar ƙasar citta. Da za a sa shafi ɗaya na bayani kan wannan cuta, da harshen da manomi zai gane, da an ga maziyartan da ba a taɓa gani ba, kuma ɗan manomin da ya ga jami'a ta amsa tambayar mahaifinsa ba ya buƙatar allon talla.

Kada kuma a manta da ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin zamani, Kaduna kuwa tana cikinsu. Wannan ƙa'ida ba ta ba kowa gurbi sai wanda ya nema. Yaron da bai rubuta sunan makarantar ba, rabonsa ya wuce ga wani, kuma ba wanda ya zalunce shi a takarda.

Yanzu in zo ga maganar amana, wadda ita ce mafi nauyi. A watan Oktoba na 2019 jaridar Washington Post ta Amurka ta buga wani bincike da ya gano jami'o'i aƙalla 44 da suka haɗa kai da kamfanoni masu bin diddigin yara a intanet. A Jami'ar Wisconsin-Stout, wata yarinya ta leƙa shafin makarantar, sai jami'in ɗaukar ɗalibai ya samu saƙo ɗauke da sunanta, da jinsin da ta fito, da jerin shafuffuka 27 da ta buɗe, da makin da na'ura ta ba ta na yawan sha'awarta, ita kuwa ba ta san ana yi ba. Binciken ya nuna kuma wasu makarantun suna auna ƙarfin aljihun iyaye domin su san wanda za su fi bi. A nan ne neman ɗalibi ya rikiɗe ya zama tace ɗalibi, talaka kuwa shi ne yake faɗuwa ta cikin rariya.

Mu a nan haɗarin ya wuce na aljihu. Mun san abin da ya taso daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, mun san Zangon Kataf a 1992, mun san abin da ya biyo bayan zaɓen 2011. A ƙasar da sunan mutum da garinsu sun isa su nuna addininsa da ƙabilarsa, jerin sunayen yara da lambobin wayarsu da unguwanninsu ba abin wasa ba ne. Ko ba a yi niyyar mugunta ba, ranar da aka ji raɗe-raɗin cewa jami'a tana ware masu neman shiga ta wannan hanya, amincin da aka daɗe ana ginawa ya rushe. Don haka ra'ayina a fili yake: jami'a ta ƙirga taro, kada ta bi mutum ɗaya. Ta san cewa 400 sun tsaya a shafin kuɗi. Ba ta da buƙatar sanin ko 'yar wane ce a cikinsu, sai in yarinyar da kanta ta rubuta sunanta ta ce a tuntuɓe ta.

Doka ma tana bayan wannan ra'ayi. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman mai ikon cin tara. Dokar ta ce a gaya wa mutum abin da ake tattarawa da dalilin tattara shi, kada a ɗebi fiye da buƙata, kada a karkatar da shi ga wani aikin daban. Ta ware addini da ƙabila da lafiyar mutum a matsayin bayanai masu tsanani. Ta kuma nemi izinin iyaye a kan bayanan yara, alhali kuwa ana shiga jami'a tun daga shekara 16, watau da yawa daga cikin masu leƙa shafin nan yara ne a idon doka. Kamfanin da zai zo da jakar kwamfuta ya ce a ba shi sunayen masu neman shiga ya sarrafa kyauta, a tambaye shi ina zai kai su, wa zai sayar wa, yaushe zai goge. In ya yi ta kame-kame, a raka shi bakin ƙofa.

Na'ura kuma tana kuskure, kada wani ya ce mana alƙaluman kwamfuta wahayi ne. A watan Mayu na 2025 Magatakardar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban jama'a ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. In hukuma mai wannan girma ta gamu da haka, ƙaramin ofishi mai ma'aikaci ɗaya ya fi cancantar ya riƙa tuhumar abin da allonsa yake nuna masa.

Iyayena da malamaina, namu aikin ba shi da wuya. Mazambata sukan ƙera shafuffuka masu kama da na jami'a, su sa tambarinta, su nemi a tura kuɗin gurbi a asusun wani mutum. Ku sani gurbin da bai bayyana a CAPS ba babu shi, komai kyan takardar da aka buga muku. Kowace sakandare ta rubuta adireshin gaskiya na shafin JAMB da na makarantunmu a allon sanarwa. Yaro ya yi rajista da lambar wayar da za ta zauna a gidan, da lambarsa ta ɗan ƙasa wadda JAMB ta wajabta tun 2021, kada ya bar wa mai shagon intanet kalmar sirrinsa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kuwa, ga aiki: waya ɗaya mai kyau da kuɗin data na wata uku a hannun malamin shawara na kowace makaranta, daga rajista zuwa karɓar gurbi.

Ga wakilanmu a Majalisar Dokokin Jiha da ta Tarayya, musamman 'yan jam'iyyarmu da suka zagaya waɗannan garuruwa suna alkawarin ilimi, roƙona guda ne. Lokacin da shugabannin makarantun nan suka zo kare kasafin kuɗinsu, a tambaye su takarda ɗaya: ɗalibai nawa suka nema daga kowace ƙaramar hukuma, nawa aka ba gurbi, nawa suka karɓa, nawa suka zo suka yi rajista, maza nawa mata nawa, ba tare da sunan kowa ba. A liƙa takardar a shafin makarantar, a aiko da kwafi ga shugabannin sakandare kafin a buɗe rajistar JAMB ta shekara mai zuwa, domin shugaban makarantar nan ta Fadan Kaje ya buɗe ya ga layin Zangon Kataf, ya san ajin da zai shiga ranar Litinin.